Uwa da 'ya a garuruwan tudu na bakin teku: tambayoyi da amsoshi

Daga lokacin da 'yata take da shekara 14 zuwa cikarta 17 mun yi tafiya sau uku mu biyu kacal. Mun je Lisbon da Porto a Fotugal, mun je Genoa da ƙauyukan gaɓarta a Italiya, daga baya kuma Santambul a Turkiyya. Garuruwan nan halinsu ɗaya: ruwa a ƙasa, gidaje sun hau kan juna har ƙolin tudu. Iyaye mata masu shirin irin wannan tafiya sukan yi mini tambayoyi, kuma tambayoyin ba sa cika canzawa, shi ya sa na tattara su wuri guda. Da uwar nake magana, amma in kin gama ki miƙa wa 'yar taki ita ma ta karanta.

Me ya bambanta waɗannan garuruwa da sauran wuraren da ake zuwa buɗe ido?

Yawancinsu tun asali tashoshin jiragen ruwa ne. Matuƙa jirgi suna neman gaɓa mai zurfi wadda duwatsu suka tare mata iska, irin wannan gaɓa kuwa ba ta cika zuwa da fili ba. Sai gari ya faro daga bakin ruwa, da jama'a suka ƙaru babu inda za a faɗaɗa sai sama. Shi ya sa fasalinsu yake kama: kasuwa da tashar jirgin ƙasa da manyan tituna a ƙasa, ganuwa ko tsohuwar fada a ƙoli, tsakaninsu kuma lunguna da matakala. Lisbon da Santambul kowanne ana yi masa kirari da gari mai tuddai bakwai. Valparaiso ta ƙasar Chile kuwa tuddanta sun haura 40.

Ga baƙo, ƙafa ce za ta yi aikin da mota ke yi a wani wuri. Amma ladan wahalar yana nan sama. Kina cikin haki a wani ƙuntataccen lungu, shanyar mutane na kaɗawa bisa kanki, sai ki sha kwana ki ga gari ya buɗe gaba ɗaya, jajayen rufin gidaje sun gangara har ruwa, jirage suna shigowa. Wannan ne ake zuwa nema, kuma galibi ko sisi ba a biya.

Wanne ya fi dacewa mu fara da shi?

Ni Lisbon nake zaɓa wa mai tafiyar farko. Girgizar ƙasa ta 1 ga Nuwamba 1755 ta rushe tsakiyar garin, aka sake gina unguwar Baixa a shimfiɗe da miƙaƙƙun tituna. Don haka kuna da fili a tsakiya da za ku koma ku huta, tuddan kuma suna hagu da dama. Jirgin ƙasa na kai mutum Cascais a bakin teku ko Sintra a kan duwatsu cikin kimanin minti 40, Porto kuma tafiyar kusan awa uku ce.

Santambul ta fi girma nesa ba kusa ba, ta fi hayaniya, amma tana da abin da babu a sauran: ku hau jirgin fito daga Eminonu a ɓangaren Turai, cikin minti 20 ko makamancin haka kun sauka a nahiyar Asiya. Tanja ta Maroko, mahaifar Ibn Battuta a 1304, ƙarama ce, kwana biyu ko uku sun ishe ta. Gaɓar Amalfi da Positano a Italiya kyawunsu ba a magana, sai dai kusan duk matakala ce, ga tsada. Ku ajiye su sai tafiya ta biyu, bayan kun san ƙarfin ƙafarku.

Wane lokaci na shekara ya fi?

A kudancin Turai da Turkiyya da Maroko, Afrilu zuwa farkon Yuni, ko kuma tsakiyar Satumba zuwa Oktoba. Yuli da Agusta zafi ne da cunkoso, hawan tudu da tsakar rana a lokacin azaba ce. In hutun makaranta ya tilasta muku waɗannan watanni, ku karanta amsar da ke kan tsarin yini. A Cape Town da Valparaiso lissafin juyawa yake, zafinsu Disamba zuwa Fabrairu. San Faransisko ta Amurka kuma tana yaudarar baƙi: a tsakiyar lokacin zafi hazo kan rufe ta da sanyi mai ratsa jiki, sai da suwaita.

Ki duba ranakun bukukuwa kafin ki kama ɗaki. Daren 12 ga Yuni a tsofaffin unguwannin Lisbon, da daren 23 ga Yuni a Porto, ana kwana kiɗa da gashin kifi a kan titi. Abin kallo ne, amma wanda tagarsa ke kan lungun ba zai runtsa ba.

'Yata ba ta kai 18 ba, kuma mahaifinta ba ya cikin tafiyar. Wace takarda zan riƙe?

Bayan fasfo da biza, ki riƙe takardar haihuwarta da takardar amincewar mahaifinta, mai sa hannunsa da hatimin lauya ko kotu, haɗe da kwafin fasfonsa. In ya rasu ko kuma kotu ta ba ki riƙonta ke kaɗai, ki riƙe takardar da ke nuna haka. Ana iya tambayarki a ofishin jakadanci, ko wajen shiga jirgi, ko wajen jami'an shige da fice, musamman in sunan ƙarshe na fasfonku ya bambanta. Mu sau ɗaya aka taɓa tambayarmu cikin tafiya uku, amma da ba na riƙe da ita ran nan da jirgin ya tashi ya bar mu.

Ga wadda fasfonta ke buƙatar biza zuwa yankin Shengen, wanda ya haɗa da Fotugal, Italiya, Faransa, Sifen da Kuroshiya: bizar ziyara ba ta wuce kwana 90 cikin 180, ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma fasfo ya zama yana da sauran wata uku bayan ranar fitowarku. Ana neman bizar ne a ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta, kuma ana karɓar takardu tun saura wata shida. Yarinyar da ta cika 12 sai ta je da kanta an ɗauki zanen yatsunta. Turkiyya da Maroko ba sa cikin wannan yanki, kowacce da ƙa'idarta, ki duba shafin ofishin jakadancinta.

A ina za mu sauka, saman tudu ko ƙasa?

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowacce nauyi a tafiyar, kuma a nan mutane suka fi kuskure. Hoton ɗaki mai baranda da teku a gabansa yana jan zuciya, amma hoton ba ya nuna matakalar da za a taka kafin a isa. A tafiyarmu ta farko na kama irin wannan ɗakin a Alfama, tsohuwar unguwa ce a kan tudu a Lisbon. Tasi ya sauke mu a wani ɗan dandali, direban ya nuna mana lungu ya ce nan motarsa ta tsaya. Muka ɗauki akwati biyu a hannu, don taya ba ta da amfani a matakala, har ƙofar gidan. A ciki kuma hawa na huɗu ne, babu lifta, kuma tallar ɗakin ba ta faɗi haka ba. Kwana biyar muna yin lissafi kafin mu fita, saboda duk wanda ya manta abu ya san abin da komawa ke nufi.

Tun daga nan dokata ita ce ƙasa, ko kuma dab da tashar abin hawa. Kafin ki biya, ki rubuta wa mai masaukin tambaya huɗu: hawa na nawa ne, akwai lifta, mota na isa har ƙofa, kuma matakala nawa ce daga tasha mafi kusa. Ki tuna a Turai hawa na ɗaya shi ne wanda ke bisa na ƙasa. Sannan ki buɗe hotunan titi a taswirar intanet ki bi hanyar da idonki. In ki ga hoton ya katse a bakin lungu, to motar ɗaukar hoton ma ba ta iya shiga ba.

Akwai wata fa'ida ta zama a ƙasa. Da safe kuna da ƙarfi, ku hau. Da yamma kun gaji, hanyar gida gangara ce. Wanda ya sauka a ƙoli kullum yininsa da hawa yake ƙarewa.

Taswirar waya ta ce tafiyar minti goma ce, amma mun yi rabin awa. Me ya faru?

Taswira shimfiɗaɗɗiya ce, garin kuwa a tsaye yake. Tituna biyu da kike gani kusa da juna a waya, wataƙila ɗaya yana bisa ɗaya da tsayin bene mai hawa goma. Masu hawan duwatsu suna da wani tsohon lissafi: a ƙara minti goma a kan kowace mita 100 ta hawa. Mita 100 kuwa kamar hawa bene ne mai hawa 30 da ƙafa, kuma lissafin nasu na masu ƙarfi ne da ba sa tsayawa ɗaukar hoto. Ki duba ɗan zanen hawa da gangara da manhajar ke nunawa ƙarƙashin hanyar ƙafa. A lunguna masu dogayen gidaje irin na tsohuwar Genoa, waya kan ruɗe ta nuna ku a wani titi daban. In haka ta faru ku bi gangara, za ta kai ku bakin ruwa, daga nan ku sake lissafi.

Akwai abin hawa da ke kai mutum sama, ko dole sai da ƙafa?

Akwai, kuma mutanen garin su suke hawa. Ƙa'idata guda ce: a hau da inji, a sauko da ƙafa. Garuruwan nan tun ƙarni na 19 suka ƙera taragon tudu, wato tarago biyu da igiyar ƙarfe ta haɗa, nauyin mai saukowa yana taimakon mai hawa. Tunel na Santambul, wanda ke ɗaukar mutane daga Karakoy zuwa Beyoglu ta ƙarƙashin ƙasa, tun 1875 yake aiki. Na farko a Valparaiso an buɗe shi a 1883. San Faransisko ta fara taragonta mai igiya a 1873. Naples tana da layi huɗu, uku daga ciki suna hawa unguwar Vomero. A Porto akwai na Guindais, wanda ke ɗauko mutum daga bakin kogin Douro, kusa da gadar Dom Luis ta 1886, ya kai shi sama.

A Lisbon sai an yi hattara da tsofaffin bayanai. Ranar 3 ga Satumba 2025 taragon Gloria, wanda ke aiki tun 1885, ya ƙwace ya kauce daga layi, mutum 16 suka rasu, aka dakatar da sauran taragun tudu na garin domin bincike. Kada ki tsara yininki a kansu sai kin duba shafin kamfanin sufurin garin kin ga wanne ke aiki. Akwai wasu hanyoyin da baƙi ba su cika sani ba. Matakala mai tafiya da kanta a tashar Baixa-Chiado tana fitar da mutum har unguwar Chiado. Daga titin Fanqueiros akwai lifta ta jama'a, a ƙetara titi a shiga ta biyu, sai ga mutum ya kusa fadar Sao Jorge.

Sai taram mai lamba 28, ɗan ƙaramin jirgin titi ruwan ɗorawa da ke tashi daga Martim Moniz ya ratsa Graca da Alfama. Yana shan kwana a lungun da za ki iya miƙa hannu ki taɓa bangon gida. Ku hau shi da sassafe, don da hantsi layin masu jira kan kai awa guda, cikinsa kuma ba masaka tsinke. Ki haɗa wannan da amsar da ke kan 'yan sane.

Wane takalmi da kaya za mu ɗauka?

Kambas mai ƙasan roba, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi bororo zai fitar miki a rana ta biyu. Daɓen titunan Fotugal ƙananan fararen duwatsu ne da baƙaƙe, ƙafafun mutane sun goge su sun yi sumul, in yayyafi ya sauka a kan gangara santsinsu kamar sabulu. Babban titin tsohuwar Dubrovnik ta Kuroshiya ma haka yake. A hanyoyin dutse na Cinque Terre, wasu ƙauyuka biyar a gaɓar Italiya, hukumar wurin ta hana tafiya da silifas, har tara ake ci.

'Yan mata sukan so takalmin da zai fito a hoto. Ban yi gardama da tawa ba, na ce ta sa shi a jakar baya ta canza in mun isa. Kowa akwati ɗaya ƙarami wanda za ta iya ɗagawa da hannu ɗaya ta hau bene da shi. Doguwar riga mai jan ƙasa tana harɗe ƙafa a matakala, a rage mata tsawo zuwa idon sawu. Mayafi ko gyale a kama shi da fil, don iskar teku a kan tudu ba ta wasa. Sai gorar ruwa, filasta, da batirin ajiya na cajin waya.

Gwiwata na ciwo, ita kuma tana hawa kamar barewa. Yaya za mu daidaita?

Kada ki yi tsere da 'yar shekara 15. Ku yi yarjejeniya tun ranar farko: ta wuce gaba, amma ta jira a ƙarshen kowace matakala ko kowace kwana, inda za ki hango ta. Ke kuma ki taka gajeren taku, ki huta kafin haki ya kama ki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne gangara ta fi hawa cin gwiwa. In gwiwa ce matsalarki, ki juya ƙa'idar da na bayar a amsar abin hawa, ko ki hau inji zuwa da dawowa. Ba abin kunya ba ne. Ƙauyen Corniglia na Cinque Terre yana bisa matakala kusan 380 daga tashar jirgi, amma akwai ƙaramar bas a ƙofar tashar. Ni na shiga bas, ita ta taka, muka haɗu a sama kowa ransa fari.

Mai hawan jini, ciwon zuciya, asma ko ciwon suga ta ga likita kafin tafiya, ta riƙe magani a jakar hannu tare da takardar likita. Ita ma yarinyar ki lura da ita. In kwanakin al'adarta suka faɗo cikin tafiyar, wataƙila ba za ta faɗa ba, sai dai ki ga tafiyarta ta canza. Irin wannan rana ta zama ta hawa jirgin fito da zama.

Wurare nawa za mu iya gani a yini?

Tudu ɗaya da safe, hutu, sannan wuri ɗaya na kallon faɗuwar rana. Wanda ya jera wurare shida a takarda zai ga huɗu a gaji, ya dawo da faɗa. Ku fita kafin tara, ku koma masauki ko inuwa daga ɗaya zuwa huɗu, ku sake fita da la'asar. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Lisbon sai bayan tara na dare, saboda haka yammacin dogo ne. Kowane gari a ba shi aƙalla kwana uku, kuma bayan kwana biyu na hawa a sa rana guda ta fili. A Lisbon unguwar Belem ce, a Porto taram mai lamba 1 da ke bin kogi har bakin teku, a Santambul yini a kan ruwa.

Ba ta son gidajen tarihi, kullum idonta na kan waya. Anya tafiyar za ta yi mata amfani?

Za ta yi, in tafiyar ta zama tata ita ma. Yarinyar da ake ja daga wannan gini zuwa wancan, ana karanta mata shekaru, dole ta koma wa wayarta. Abin da ya yi mana aiki shi ne na damƙa mata yini ɗaya cikin kowane uku gaba ɗaya: ita za ta zaɓi wuri, ta nemo hanya, ta sayi tikiti, ta yi magana da mai abinci. Ni bin ta kawai nake yi, ko na ga ta ɗauki hanyar da ba ita ba sai na kame bakina. Wayar da nake ƙorafi a kanta ita ta zama kayan aikinta.

A Genoa, a ranarta, ta kai ni wata ƙofa kusa da tashar Principe wadda da ni kaɗai ce da na wuce ta. Muka shiga wani ɗan akwatin ƙarfe, ya kama tafiya a kwance cikin dutse kamar jirgi. Can sai ya tsaya, aka ji ƙarar ƙarfe, ya fara ɗagawa sama kamar lifta. Sunansa Montegalletto. Ta kalle ni tana murmushi ta ce, "Mama, ai na gaya miki ki bar ni kawai." Har yau in ana hirar Italiya wannan take fara bayarwa.

Tarihi ma yana shiga in ya zo ta ƙofar da ta sani. Muna zaune a Alfama na gaya mata sunan unguwar daga kalmar Larabci ne, alhamma, saboda maɓuɓɓugan ruwan zafi da ke wurin, kuma Musulmi sun mulki garin sama da shekara 400 kafin 1147. Ita da kanta ta ce mu je mu ga sauran tsohuwar ganuwar. Masu son zane da hoto kuma, tayil masu shuɗin zane kusan 20,000 na tashar Sao Bento a Porto, bangayen Valparaiso, da unguwar Gamcheon ta Busan a Koriya ta Kudu, wadda 'yan gudun hijirar yaƙin Koriya suka cika, za su riƙe su awa da awa.

Zan iya barinta ta fita ita kaɗai? Yaya batun 'yan sane?

Da rana, a unguwar da kuka riga kuka zaga tare, na awa ɗaya, ga 'yar 15 ko 16 mai hankali, ni na bari. Na fara da aike zuwa gidan burodi a ƙarshen titi. Sharuɗɗan su ne layin waya mai aiki a ƙasar, wurin da take yana nunawa a wayata, katin masauki a aljihunta, da lambata a kanta ba a waya kawai ba. Lambar gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai da Turkiyya ita ce 112. Da dare kuwa a'a, ko ku biyu ku guji matakalar da babu kowa, ku bi babban titi ko ku hau tasi. Wasu garuruwan, kamar Cape Town da Valparaiso, sun fi buƙatar taka-tsantsan, a can ba zan raba hanya da ita ba. Ki tambayi mai masauki inda bai kamata a bi ba.

'Yan sane suna aiki ne inda jiki ke gogar jiki: ƙofar taram, layin tikiti, wurin kallo lokacin da kowa ya ɗaga waya. Jakar baya ta dawo gaba, waya ta bar aljihun baya, kada a ajiye ta kan teburin cin abinci a waje. Ku raba kuɗi da kati tsakaninku. Ku kuma yanke tun farko: in ƙofar jirgi ta rufe ta raba ku, wadda ke ciki ta sauka a tasha ta gaba ta tsaya cak.

Za ta iya shiga teku?

Inda akwai masu ceto kawai, kuma a duba tuta: ja kada a shiga, ruwan ɗorawa a yi hattara, kore an yarda. Ruwan Atlantika a Fotugal yana da sanyi ko a Agusta, sau da yawa bai kai digiri 20 ba, ga igiyar ruwa mai ƙarfi. Ki koya mata tun a gida: in ta ji ruwa na jan ta ciki kada ta yi kokawa da shi, ta ɗaga hannu, ta yi iyo gefe tana bin tsawon gaɓa. Bahar Rum ya fi ɗumi da kwanciya, amma gaɓar Genoa galibi tsakuwa ce, kuma wurare da yawa na biya ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bakin dutse. A Cabo da Roca ta Fotugal, ƙarshen yammacin nahiyar Turai, ramin ya haura mita 100 kuma iska na ture mutum. Duk hoton da sai an tsallake shinge ba za a ɗauke shi ba, wannan ban taɓa sassauta shi ba.

Tana da tashin zuciya a mota. Hanyoyin gaɓa fa?

Hanyar Amalfi kwana ce bayan kwana a gefen rami. Ta zauna gaba, ta ajiye waya, ta kalli nesa. In akwai jirgin fito ku zaɓe shi, amma yawanci daga bazara zuwa kaka yake aiki, kuma ana soke shi in teku ya tashi. Tsakanin ƙauyukan Cinque Terre biyar jirgin ƙasa ne, mintuna kaɗan ta cikin dutse. Tikitin takarda na jirgin yanki a Italiya sai an buga shi a na'urar tasha kafin a shiga, in ba haka ba tara.

Abinci da wurin sallah fa?

A Santambul da Tanja wannan ba damuwa ba ce. Masallacin Sulaimaniyya na Santambul, wanda magini Sinan ya kammala a 1557, yana kan tudu, daga farfajiyarsa ana ganin ruwa da jirage, ga inuwa ga wurin hutawa. Lisbon tana da babban masallaci tun 1985, kuma titin Benformoso kusa da Martim Moniz cike yake da gidajen abincin halal. A unguwar Bo-Kaap ta Cape Town akwai masallacin Auwal na 1794.

A sauran wurare kifi ne mafita, tunda garuruwan masunta ne. Ku haddace kalmomin naman alade: porco, presunto da chourico a Fotugal, maiale, prosciutto da strutto a Italiya, na ƙarshen nan kitse ne da ake sawa a wasu burodi. A Fotugal burodi da zaitun da ake ajiye muku kafin ku yi oda na kuɗi ne in kun ci. Gidajen abinci da yawa ba sa buɗe wa abincin dare sai bakwai ko bakwai da rabi, don haka kada jaka ta rabu da abin taɓawa.

Ta yaya za mu rage kashe kuɗi?

Tikitin yini na sufurin gari ya fi sayen ɗaiɗai araha, a Lisbon ma sayen tikiti a hannun direban taram ya fi tsada. Gidajen tarihi na gwamnatin Italiya kyauta ne ga wanda bai kai 18 ba, sai dai a nuna fasfo. Ki ba ta kuɗin kashewarta na yini a hannu, abin da ta rage nata ne. Tawa ta daina roƙon tsarabar kowane shago tun rana ta biyu.

In muka yi faɗa a tsakiyar hanya fa?

Za ku yi. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, dare da rana, ga gajiya, babu na uku da zai raba. Namu ya faru a wata matakala a Alfama da azahar. Na matsa sai mun kai wani wurin kallo da ke cikin jerina, ita kuma ta zauna daɓas ta ce, "Mama, ni fa ba zan ƙara taka ko ɗaya ba." Maganar da ta zo bakina mai zafi ce. Na haɗiye ta, na zauna kusa da ita. Sai a lokacin na tuna tun burodin safe ba mu sa komai a ciki ba. Kafin ki ɗauki shan kunu a matsayin rashin kunya, ki duba yunwa da ƙishi da ƙafa.

Mun kai minti 20 a wurin ba mai cewa uffan. Wata tsohuwa a tagar da ke samanmu tana jan igiyar shanya, wata kyanwa ta zo ta kwanta a matakalar ƙasa da mu. Can sai 'yata ta fara ba ni labarin wata matsala da ƙawayenta a makaranta, abin da ta riƙe wata huɗu ba ta faɗa wa kowa ba. Ba ta kalle ni ba, tana maganar tana kallon kogin Tejo ta tsakanin gidaje. Wurin kallon nan ba mu je ba ranar. Mun gangara, muka sami wani ɗan shago mai tebur uku, muka ci gasasshen kifi da dankali, ta ci gaba da labarinta har mai shagon ya fara kwashe kujeru.